Girkin Gado a Ƙasar Rano: Abin da Ke Sauyawa da Abin da Ke Riƙe da Shi

A Zurgu, ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa ƙasar Kibiya, ilimin girki bai taɓa zama a takarda ba. Yana zaune ne a hannu da ido da hanci. Yarinya tana fara shi da aike: ɗauko muciya, miƙo mara, iza wuta. Daga nan a ba ta tsince wake da wanke-wanke, sai surfe da tankaɗe, sai kaɗa miya. Tuƙin tuwo ne ƙarshe, domin shi ke buƙatar ƙarfin damtse da sanin lokaci. Ba uwa kaɗai ke koyarwa ba. Kaka da goggo da matan baffanni duk suna da baki a tukunyar, kuma 'yar riƙo takan tashi da hannun wadda ta riƙe ta. Ma'aunin da ake gada shi ne tafin hannu da ludayi da kalmar "daidai". Saboda haka duk abin da ya rage zaman yarinya a gindin murhu, ko ya cire wani mataki daga aikin, yana taɓa gadon kai tsaye.

Tuwon dawa ya isa misali. A tsohon tsari sai an surfa dawa a turmi, a bakace dusa, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe a raba gari da tsaki. A yi talge, a bar shi ya nuna, a jefa 'yar kanwa ko ruwan tsamiya gwargwadon al'adar gidan, sannan a zuba gari a tuƙa, a rufe ya turara kafin a kwashe. Mai girkin da ta ƙware tana gane talge ya nuna daga ƙamshinsa da yadda yake tafasa. Injin surfe da na niƙa sun ɗauke rabin farko na wannan aiki, kuma babu mai adalcin da zai yi kukan hakan: awannin da mata ke ɓatawa a kan turmi da dutsen niƙa wahala ce ta gaske, wadda ke cin baya da tafin hannu. Sai dai a wajen surfen ne yarinya ke koyon bambanta kaura da farfara, da gane hatsin da ya sha ruwa ko ƙwaro ya taɓa. Wadda ta saba karɓar gari daga inji ta iya tuƙi, amma ba lallai ta san hatsi ba.

Sauyi mafi zurfi a tukunyar miya yake. Daddawa ita ce ginshiƙin miyar kuka da kuɓewa da karkashi, kuma yin ta sana'a ce mai matakai: a dafa kalwa tsawon yini, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Kuskure kaɗan a zafi ko a lokaci yana ɓata kwando guda. Dunƙulen Maggi da ire-irensa, da farin magi, sun shigo da sauƙin da daddawa ba ta da shi: ana sayen ƙwaya ɗaya a teburin ƙofar gida, ba ya wari, kuma ɗanɗanonsa ɗaya ne kullum. A yawancin gidaje bai kori daddawa ba, haɗa su ake yi. Abin da ya rage shi ne yawan masu iya yin ta. A ƙauyuka da dama sana'ar tana hannun tsofaffi, 'yan mata kuwa suna gudun warinta da wahalarta. Ga kuma matsalar itacen kansa. Ɗorawa tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma inda ake sare ta don itacen girki ko faɗaɗa gona ba tare da dasa wata ba, kalwa sai ta yi tsada. Wannan ne ya ba daddawar waken suya kasuwa. Hasarar a nan ba ta ɗanɗano kaɗai ba ce, domin daddawa tana ɗauke da sinadarin gina jiki, wanda ke da muhimmanci a gidan da nama ba ya shiga kullum, alhali dunƙulen mafi yawansa gishiri ne.

Noman rani ma ya sauya abin da ke shiga tukunya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, duk a kusa da ƙasar Rano. Shinkafa da tumatir da albasa da alkama suka wadata a kasuwannin yankin. Shinkafa, wadda a da abincin sallah da baƙo ce, ta zama ta yau da kullum ga mai hali, miyar dage-dage ta samu wuri kusa da miyar kuka. Taliyar leda da Indomie, wadda ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, suka biyo baya da nasu amfanin: suna nuna cikin mintuna, ba sa cin itace, yaro ma zai iya dafawa. Matasan da ke zuwa ci-rani Kano da Abuja da Legas suna dawowa da harshen da ya saba da su.

Makaranta tana da nata kaso. Yarinyar da ke boko da safe, Islamiyya da yamma, ba ta samun yinin da kakarta ta samu a tsakar gida, kuma ribar karatunta ta fi wannan rashi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne rabuwar gandu. A babban gida inda ake kwanan girki, tukunya ɗaya ke ciyar da mutum ashirin ko fiye, amarya kuma tana koyon hannun gidan mijinta a gaban uwar miji da faccaloli. Inda kowane magidanci ya ware da tukunyarsa, amarya tana girki ita kaɗai, da abin da ta zo da shi daga gida da abin da ta gani a waya.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce girkin gado yana mutuwa. Abubuwa masu ƙarfi suna riƙe da shi, kuma na farkonsu buki ne. Ba a kai gara babu alkaki da nakiya da dubulan, kuma waɗannan sai gwanaye. Duk dangi sun san wace goggo ce hannunta ke faɗawa a alkaki, kuma 'yan matan da ke taya ta ranar aikin su ne magadanta. Jego yana riƙe da kunun kanwa da yajin mai jego da ƙauri. Azumi yana riƙe da kunun tsamiya da ƙosai, babbar sallah da dambun nama. Sana'ar cikin gida ma makaranta ce: matar da ke sayar da waina ko ɗan wake ko fura ko ƙuli-ƙuli dole ta koya wa 'yarta, domin abincin gidan ya dogara da ingancin abin sayarwar.

Tsadar rayuwa ta ƙara tura mutane baya. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin shinkafa da taliya da kayan shago ya tashi ƙwarai, gidaje da yawa suka koma ga abin da rumbu da bayan gida ke bayarwa: dambu, fate, kwaɗon zogale da rama da tafasa. A nan bambancin ya fito fili. Gidan da ke da wadda ta san sarrafa tsaki da ganye yana cin abinci mai daɗi da kuɗi kaɗan, wanda ba shi da ita kuwa yana jin tsadar sau biyu. Yawaitar ciwon suga da hawan jini ma ta sa wasu 'yan birni neman dawa da gero da daddawar kalwa, abin da ya buɗe wa matan karkara kasuwa.

Shirye-shiryen girki na talabijin, irin su Akushi da Rufi na tashar AREWA24, da bidiyoyin Facebook da TikTok, sun fara adana abin da a da baki kaɗai ke ɗauke da shi. Amfaninsu yana da iyaka. Sun fi karkata ga girkin birni mai kyan gani, suna auna komai da kofi da cokali, kuma sukan mayar da girki iri ɗaya ga kowa, alhali miyar kukar wani gida a Zurgu ta bambanta da ta wani a Tarai ko Rurum a yawan kanwa da irin daddawa da lokacin zuba man shanu. Ayyukan da suka fi fuskantar ɓacewa, wato daddawa da tace ruwan toka da daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, su ne waɗanda kyamara ba ta cika zuwa wurinsu ba, kuma masu iya su yawancinsu sun manyanta.