Rawar sitiyari a kan kwalta: abin da direbobin Salaga, Yendi da Bawku ya kamata su sani

Daga Salaga zuwa Bimbilla, daga Yendi zuwa Bawku ta Gushegu da gangaren Nakpanduri, manyan motoci irin su Land Cruiser da Hilux ne ke ɗaukar mutanenmu da kayansu. Kukan da na fi ji a bakin direbobi shi ne, “Da na hau kwalta na taka, sai sitiyari ya kama rawa.”

Rawar nan iri biyu ce. Idan tana zuwa a hankali wajen gudun kilomita 80 zuwa 100, ta ragu in ka wuce ko ka sassauta, fara da taya. Laka da ta bushe a cikin rim ta isa ta jawo hakan. A wanke, a gwada iska, a duba kumburi, a yi balansin.

Ta biyun ce mai kisa: ka faɗa rami, gaban mota ya hau girgiza, ba ya dainawa sai ka kusa tsayawa. Nan wani abu ne ya saki, ko tayarod, ko bushin, ko boris. Mota na tsaye, wani ya riƙa juya sitiyari dama da hagu, bakanike na kallon ƙasa. Inda ya yi wasa, nan ciwon yake.

Shawarata, kada a yarda a sauya dampar sitiyari kawai, ɓoye cutar take yi. In rawar ta kama ka a hanya, riƙe sitiyari da kyau, ɗaga ƙafa daga totur, kada ka danna birki da ƙarfi. Allah Ya kiyaye hanya.