Lalacewar fihirisa a rumbun bayanai

Lalacewar fihirisa matsala ce da ke aukuwa a rumbun bayanai na kwamfuta idan fihirisa ta daina dacewa da abin da ke cikin teburinta. Aikin fihirisa shi ne nuna wa manhaja inda kowane layi yake, ba sai ta bi teburin duka ba. Yawancin rumbuna suna amfani da tsarin B-tree, wanda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a kamfanin Boeing a shekarar 1970.

Dalilai

Idan ana loda miliyoyin layuka a lokaci guda, kowane layi sai an rubuta shi a teburi da kuma a kowace fihirisa. PostgreSQL tana ajiye bayanai a shafuka masu girman kilobayit 8. Wasu masu kula da rumbu kan kashe saitin fsync ko full_page_writes domin lodi ya yi sauri. Idan wuta ta ɗauke a wannan hali, shafi na iya tsayawa rabi sabo, rabi tsoho. Lalataccen faifai ma yana jawo matsalar, haka nan kuskuren manhaja. A PostgreSQL 14, umarnin CREATE INDEX CONCURRENTLY yana iya tsallake wasu layukan da aka sauya yayin gina fihirisa. An gyara wannan a sigar 14.4 a watan Yunin 2022.

Alamomi

Sau da yawa ba a ganin saƙon kuskure. Sai a nemi layin da ke cikin teburi a rasa shi, ko lambar da bai kamata ta maimaitu ba ta fito sau biyu. Hakan na iya ɓata lissafin kuɗi ko rajistar mutane kafin a ankara.

Ganowa da gyara

Ana binciken fihirisar B-tree da amcheck, wanda ya zo da PostgreSQL 10 a 2017. Idan teburin lafiya yake, umarnin REINDEX zai sake gina fihirisar daga gare shi. Kafin nan ana kwafe rumbun, a duba lafiyar faifai, sannan a cire layukan da suka maimaitu, domin suna hana gina fihirisar da ba ta yarda da maimaici. Idan teburin kansa ya lalace, sai a koma ga kwafin ajiya.

Rigakafi

Littafin jagoran PostgreSQL ya ba da shawarar a loda bayanai masu yawa da umarnin COPY, sannan a gina fihirisa bayan an gama.