Sunayen Hanyoyin Hamada: Kowane Suna Da Labarinsa

Wanda bai taɓa fita daga kan kwalta ba zai ɗauka hanya hanya ce kawai, a ba ta lamba a wuce. Madugai da direbobin hamada ba su yarda da haka ba. A wurinsu sai an kira hanya da sunanta, domin sau da yawa sunan shi ke gaya wa matafiyi kwana nawa zai yi, da inda zai sami ruwa, da inda rai ke iya salwanta.

Mu fara da gabas. Larabawa na kiran tsohuwar hanyar da ta tashi daga Darfur ta ƙasar Sudan zuwa Asyut ta ƙasar Masar da suna Darbul Arba'in, wato hanyar kwana arba'in. Tsawonta ya kusa kilomita 1,800. Sunan kansa lissafin guzuri ne: duk wanda ya ji shi ya san yawan hatsi da salkunan da zai ɗaura wa raƙumi. Ta nan aka yi ta kai hauren giwa da gashin jimina, da bayi kuma, abin da bai kamata a ɓoye ba. A ƙasar Hausa, fatake sun yi ƙarni da ƙarni suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro, kuma zangunan da suka sauka har yau suna amsa sunan Zango a garuruwan Gana.

A nan Nijar, ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Abzin zuwa Fashi da Bilma shi ne Abzinawa ke kira taglamt, wasu kuma su ce azalai. A tafi da hatsi, a komo da kantu da dabino. Kalmar Tenere a harshensu tana nufin fili wayam, inda babu kowa babu komai. To, a tsakiyar wannan wayam ɗin ne wata bishiyar kandili ta tsaya ita kaɗai, har masu zanen taswira suka sa mata alama kamar gari, suka rubuta Arbre du Ténéré. Ana cewa ba a samun wata bishiya sai an yi tafiyar kilomita ɗaruruwa. Da aka gina rijiya a gefenta a tsakanin 1938 da 1939, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna bin ruwa. Ayari bayan ayari suka sauka a gindinta, ba wanda ya sare reshenta ya dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. Sai a shekarar 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da ba shi da iyaka, inda ko makaho ba zai rasa wurin kaucewa ba! Aka ɗauko gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai a watan Nuwamba na wannan shekara, aka kafa bishiyar ƙarfe a gurbinta. Bishiya ta tafi, amma direbobi ba su daina cewa sun kwana a Bishiya ba.

Zuwan mota ya kawo nasa sunayen, kuma wasunsu na ban dariya ne. A shekarun 1920, wasu Faransawa ƴan'uwa biyu, Georges da René Estienne, suka buɗe hanyar mota ta Tanezruft, tsakanin Regan da Gawo, yankin da ake yi wa kirari da ƙasar ƙishirwa. Da yake babu dutse babu itace da za a yi alama da shi, sai aka riƙa ajiye bido a kan hanya ana ba su lamba. Na biyar ɗinsu ya zama masauki mai famfon mai da hasumiyar fitila don jiragen sama, sunansa kuwa bai wuce Bidon V ba, wato Bido Biyar. Haka nan ayarin motocin Berliet da ya ratsa Tenere daga Janet zuwa Cadi a 1959 da 1960 ya bar turakun ƙarfe masu lamba, waɗanda matafiya ke kira da sunan kamfanin. Akwai kuma wata ƴar bishiya a arewacin Tenere da ake ce wa Ɓatacciyar Bishiya. A nan aka watsa tokar Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar, bayan ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a watan Janairu 1986, sai sunansa ya bi ta.

Ga alama masu ba da suna sun fi tsoron ƙishirwa da komai. Tsakanin Agadas da Dirku akwai rijiyar da ake kira Puits Espoir, Rijiyar Sa Rai, kuma duk wanda salkarsa ta taɓa bushewa ya san ba don ado aka sa mata wannan suna ba.

Amma fa masifa ta fi aukuwa a hanyoyin da ba su da suna. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance, bayan motocinsu biyu sun lalace. Da aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi da yawa suka bar hanyar rijiyoyi don gudun jami'an tsaro, suka riƙa yanke daji da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan Adam, wadda lamba kawai take bayarwa. A tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku. An soke dokar a watan Nuwamba 2023.