Ɗakin Fiɗa Ba Shiru Yake Ba

Duk wadda ta taɓa kai niƙa inji ta san abin da zan faɗa. Kina tsaye gaban mai injin ki ce masa, "Kada ya yi laushi," shi kuwa "ya yi laushi" kaɗai ya ji, sai ki koma gida da garin da ba shi kika so ba. Wannan asarar kwano ɗaya ce. To, yau ina so mu leƙa wani ɗaki inda kuskuren ji irin wannan jikin mutum yake taɓawa, watau ɗakin fiɗa na asibiti, sa'ad da ake gyaran jijiyar gwiwa.

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu tauri da suka gitta juna, suna riƙe da ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ce ta fi tsinkewa, musamman in mutum ya juya da sauri ƙafarsa tana kafe a ƙasa, ko ya diro ba daidai ba. Ku 'yan makaranta masu guje-guje da tsalle-tsalle ku ji, likitoci sun tabbatar mata 'yan wasa sun fi maza samun wannan rauni. In ta tsinke sarai ba safai take haɗewa ba. In abin ya kai ga aiki, likita yakan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙasusuwan nan biyu, ya zura ta, ya kafe ta. Wani likitan Ingila, Hey Groves, ya bayyana irin wannan aiki tun 1917. Yanzu ta 'yan ƙananan kafofi ake yinsa, da kyamara siririya kamar alƙalami, likita yana duban allo.

Ni dā a zatona ɗakin nan tsit yake, ko tari ba a yi. Ashe ba haka ba ne! Ga injin huda ƙashi, ga guduma, ga abin zuƙe ruwa yana shu-u-u, ga famfon da ke tura ruwan gishiri cikin gwiwa, ga na'urar bugun zuciya tana ƙara, ga ƙarafa ana zubawa a tasa. Ana auna ƙara da wani ma'auni, desibel. Hirarmu ta tsakar gida wajen 60 take. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙara ta wuce 35 inda ake kula da majinyata. Amma da aka auna a asibitin Johns Hopkins na Amurka, aka buga sakamakon a 2007, sai aka ga a aikin ƙashi ƙarar takan haura 100 a kai a kai. Ga shi kuma kowa bakinsa a rufe da ƙyalle, ba halin a karanta leɓensa.

Ku duba inda haɗarin yake. Jijiyar da aka yanko sai an auna kaurinta, don a huda ramin ƙashi daidai da ita. A ce mai awo ta ce milimita bakwai, inji yana kuka, likita ya ji takwas. Rami ya yi faɗi ke nan, ƙashin da aka huda kuwa ba a mai da shi kamar ɗinkin da aka warware.

Wasu likitoci har kiɗa suke sawa, kuma ba sabon abu ba ne, don tun 1914 wani likitan Amurka, Evan Kane, ya ba da labarin yana kai garmaho ɗakin fiɗa don hankalin majinyaci ya kwanta. Ni ban ƙi ba, in dai a hankali ne, kuma a kashe in an zo wurin awo da ƙirga.

Dabarar da ta fi burge ni daga matuƙan jirgin sama aka aro ta. Tun 1981 doka ta hana su hira a Amurka lokacin tashi da sauka. A 2008 Hukumar Lafiya ta fito da takardar bin-diddigi mai abubuwa 19. Kafin wuƙa ta taɓa fata kowa ya tsaya, ya faɗi sunansa da aikinsa, a faɗi sunan majinyaci da aikin da za a yi, da kuma wace ƙafa. An gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, aka ba da sakamako a 2009: mace-mace bayan fiɗa sun sauko daga 15 cikin 1000 zuwa 8. Akwai kuma maimaitawa. Likita ya ce takwas, nas ta amsa "takwas" da ƙarfi kafin ta miƙa. Da na karanta haka sai da na yi dariya, don abin da aka koya mana ke nan a kwalejin horon malamai: in kin ba yara umurni, sa ɗaya ya maimaita, sannan ki san ya shiga.

Ke ma da za a yi wa aikin kina da taki maganar. Kafin a shiga da ke, likita zai sa alama da tawada a gwiwar da ke ciwo, kina gani. Za a yi ta tambayarki sunanki da wace ƙafa, har ki gaji. Kada ki ɗauka ba su san aikinsu ba ne, kada kuma kunyar nan tamu ta sa ki sunkuyar da kai ki yi ƙus-ƙus. Ki ɗaga murya ki ce "ta hagu," ki nuna da hannu. Sau da yawa allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, kunnenki kuwa garau. In kin san kukan inji zai firgita ki, gaya wa mai ba da maganin barci tun da wuri, yana da abin da zai ba ki.

Ku kuma 'yan mata masu burin aikin jinya, ranar da kuka tsaya a ɗakin nan, in babban likita ya faɗi abu ba ku ji ba, ku ce, "Likita, ban ji ba, a maimaita." In ya harare ku, ku sake faɗa.