Sanya Kakin Wata Ƙasa Ba Ya Mayar Da Kai Ɗanta

Tun da masaƙun Kakuri suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har KTL ta rufe ƙofa a 2002, samarin Makera da Nasarawa da Television da Sabon Tasha suke laluben mafita ta kowace kusurwa. Cikin maganganun da ke yawo a majalisu da wayoyin hannu akwai wata mai daɗin ji: ka shiga sojan Amurka ko na Ingila ko na Rasha, a biya ka da kuɗin waje, sannan a miƙo maka fasfo. Akwai ƙanshin gaskiya a cikin zancen, shi ya sa ma yake da haɗari.

Mutanen Kaduna ba baƙi ba ne a harkar yi wa wasu yaƙi. Barikin Kalapanzi da ke Kakuri sunan wani kwari ne a ƙasar Bama, inda kakanninmu na runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a ƙarshen 1944, a ƙarƙashin tutar Ingila. Sun dawo da lambobi a ƙirji, amma ba wanda ya ce musu sun zama 'yan Ingila. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, Faransa ta daskarar da fanshon sojojinta na ƙasashen da ta raina tun 1959, ba ta fara gyara na kirki ba sai 2007. A 2017 Shugaba François Hollande ya ba tsofaffin sojojin Afirka 28 takardar zama 'yan ƙasa, dukansu sun tsufa tukuf.

Mu ɗauki Amurka, domin can ne mutanenmu suka fi hange. Dokarsu ta yarda baƙo mai katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, ya shiga soja. Ta kuma sassauta masa hanyar zama ɗan ƙasa: a lokacin zaman lafiya hidimar shekara 1 ta isa, a lokacin da aka ayyana na yaƙi kuwa ko shekarar ba sai ya cika ba. Shugaba George Bush ya sa hannu a Yuli 2002 cewa lokacin yaƙi ya fara daga 11 ga Satumba 2001. Ko kuɗin fom ba a karɓa daga soja. Sai dai abin ba ya zuwa da kansa. Dole mutum ya cike fom N-400, ya sa hukumar soja ta tabbatar da hidimarsa a fom N-426, ya zauna a yi masa tambayoyi, sannan ya yi rantsuwa a gaban USCIS, hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa. A nan da yawa suka rufta. Ranar da suka ɗaga hannu suka rantse za su kare tsarin mulkin Amurka, sun ɗauka an gama. Ashe rantsuwar shiga soja daban, ta zama ɗan ƙasa daban. Wasu kuma sun fara cike takardun, aka tura su Iraƙi ko Afganistan, wasiƙar gayyata ta je wani adireshi da suka bari, magana ta bi ruwa.

Mutum ya dawo daga fagen fama da firgici a kansa, barci ya ƙaurace masa, ya faɗa shaye-shaye ko faɗa, ya shiga hannun 'yan sanda. Idan ɗan ƙasa ne, zai yi zaman kasonsa ya koma gida. Idan mai girin kad ne, yana fitowa jami'an ICE, hukumar da ke korar baƙi, na jiran sa a bakin ƙofa. Dokar shige da fice ta 1996 ta faɗaɗa jerin laifuffukan da ake kira manya, har sata ko duka da aka yanke wa hukuncin shekara 1 suka shiga ciki, kuma ta ɗaure hannun alƙali, ba shi da damar duba cewa wannan ya taɓa ɗaukar bindiga domin ƙasar. Laifin ƙwaya ma yana jawo kora. Hukumar binciken ayyukan gwamnati ta GAO ta bayyana a 2019 cewa tsakanin 2013 da 2018 an shigar da tsofaffin sojoji 250 layin kora, an tasa ƙeyar 92, kuma ICE ba ta riƙa bin ƙa'idarta ta tantance irin waɗannan mutane yadda ya kamata ba.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Hector Barajas, sojan lema da aka kora zuwa Meziko a 2004 bayan ya yi zaman gidan yari. A garin Tijuana, dab da kan iyaka, ya buɗe gidan tallafa wa korarrun sojoji irinsa. Sai da gwamnan Kalifoniya, Jerry Brown, ya yafe masa laifinsa a 2017 kafin ya samu yin rantsuwa a Afrilu 2018. Ku lura, wannan mutum ne da ke iya hango Amurka daga inda yake zaune, lauyoyi da 'yan jarida na tsallakowa wurinsa a yini guda. To ina ga wanda aka sauke a filin jirgin Legas, ya hau mota ya dawo gidan iyayensa a Narayi ko Unguwan Romi?

Matsalar wanda aka koro ita ce dokar ta bar masa ƙofa, amma ƙofar tana can tsallaken teku. Tsohon soja da aka sallama cikin mutunci zai iya aika takardar neman zama ɗan ƙasa daga waje. Amma ganawa da rantsuwa a ƙasashen waje an tanade su ne domin waɗanda ke bakin aiki. Shi dole ya taka ƙasar Amurka, ga shi kuma an haramta masa shiga, sai ya roƙi izinin jin ƙai na ɗan lokaci, wanda ganin dama ne. Ofishin jakadancinsu na Abuja da ƙaramin ofishin Legas ba sa yanke hukunci a kan wannan, aikin USCIS ne. Idan kuma laifinsa na cikin manyan nan ne, kuma an yanke masa hukunci daga 29 ga Nuwamba 1990 zuwa yau, doka ta ɗauke shi marar kyawun hali har abada, sai fa in kotu ta soke hukuncin ko an yi masa afuwa. A 2021 gwamnatin Biden ta ƙirƙiro shirin ImmVets domin duba lamarin irin waɗannan, wasu sun koma ta dalilinsa. Amma tsari ne na gwamnati mai ci, iska na juya shi. A Yunin 2025 Sae Joon Park, tsohon sojan Amurka da aka harba a Panama a 1989 har ya samu lambar Purple Heart, ya tattara ya koma Koriya ta Kudu bayan kusan shekara 50 a Amurka.

Duk da haka kora ba ta share komai ba, kuma iyalai da yawa ba su san haka ba. Kuɗin diyyar rauni ko ciwon da aka samu a bakin aiki, hukumar tsofaffin sojoji ta VA tana biya ko mutum na zaune a waje, tana kuma da shirin biyan kuɗin maganin irin wannan ciwo a ƙasashen waje. Mabuɗin duka shi ne takardar sallama, DD-214. Wanda ke da ɗa ko ƙane a sojan Amurka ya kira shi ya tambaye shi kai tsaye: ka karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙasa a hannunka, ko girin kad ne har yanzu? In bai karɓa ba, ya nema tun yana cikin kaki. In kuma wata shari'a ta taso, kada ya amsa laifi domin a rage masa hukunci sai ya ji ta bakin lauyan shige da fice, domin amsawar da ke rage wata 6 a kurkuku tana iya zama tikitin kora. Kada kuma tsoron rasa gida ya hana shi: sashe na 28 na tsarin mulkin Nijeriya ya yarda haifaffen ɗan ƙasa ya riƙe ƙasa biyu. Wanda aka riga aka koro kuwa, kada ya saurari mai cewa zai shigar da shi ta ɓarauniyar hanya, hukuncin hakan na iya kaiwa shekara 20.

Ga samarin da ke nan gida, magana a fili take. Sojan Amurka ba ya ɗaukar mutum daga Kaduna, ba ya nema wa kowa biza, kuma shirin MAVNI da ya taɓa karɓar marasa girin kad ya tsaya tun 2016. Cacar biza ma an cire 'yan Nijeriya tun zagayen 2015. Duk ejan da ya ce ka tura kuɗin fom ta WhatsApp, ɗan damfara ne. Ingila na karɓar 'yan ƙasashen renonta idan ta buɗe ƙofa, amma can ma izinin zama sai an nema bayan sallama, kuma wasu 'yan Fiji da suka yi mata yaƙi sun kai ƙara a 2020 saboda an bar su babu takardu, ba su yi nasara ba.

Tayin da ya fi muni shi ne na Rasha. A Janairun 2024 Shugaba Putin ya sa hannu a dokar ba da fasfo ga baƙon da ya ƙulla kwantiragin soja na shekara 1. Ana yi wa matasan Afirka romon baka da aikin gadi ko tuƙi, a miƙa musu takarda da harshen da ba sa karantawa, su tsinci kansu a bakin daga a Yukiren. Tun Maris 2022 Ma'aikatar Harkokin Wajen Nijeriya ta ce ba ta yarda a ɗebi 'yan ƙasarta zuwa wannan yaƙi ba. Wanda aka yi wa irin wannan tayi, ko aka nemi ya miƙa fasfonsa ga dillali, ya kai rahoto hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, iyalan wanda ya riga ya maƙale a waje kuma su tuntuɓi hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje, NiDCOM, a Abuja da kwafin fasfonsa da duk saƙonnin da dillalin ya turo.