Briam a na'urar suya da iska: duba bayan na'urarka kafin ka yanka dankali

Duk mai bin shafukan girki a TikTok ko Instagram da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: an jera yankakken dankali da yalo da albasa a faranti, an malala miyar tumatir, an tura cikin obin, kafin ka ƙifta ido an fito da shi jawur yana tururi. Bidiyon daƙiƙa 30 ne, amma girkin yana cin fiye da awa guda. A cikin wannan awar ake asarar kuɗin wuta, wani lokacin har da na'urar kanta.

Sunan abincin briam, kuma na mutanen ƙasar Girka ne. Suna yin sa a lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da kayan lambu suka cika kasuwa. Babu nama a ciki, man zaitun ne ke riƙe da ɗanɗanonsa. Turkawa suna da makamancinsa mai suna türlü, Faransawa kuma suna da ratatouille, wanda fim ɗin Pixar na 2007 ya yaɗa sunansa a duniya. Jerin nan mai kyau da ake gani a bidiyo ado ne kawai. A gidajen Girkawa da yawa cakuɗa kayan ake yi a babban faranti a tura wuta.

Na mutum huɗu, ana bukatar dankalin Turawa rabin kilo, babban baƙin yalo ɗaya, albasa biyu, tafarnuwa, manyan tumatir shida da aka markaɗa, rabin kofin man zaitun, gishiri, masoro da busasshen ganyen oregano. Akwai kuma zukini guda biyu, wani dangin kabewa ne mai kama da kokwamba. Idan ba ka same shi ba, sa kabewa da tattasai. Kokwamba dai kada ka kuskura, ruwa za ta saki ta dagula komai.

To wace na'ura ta dace?

Na'urar suya da iska, wadda 'yan kasuwa ke kira eya firaya, ta fara tashe ne bayan kamfanin Philips ya nuna tasa a baje kolin IFA na Berlin a 2010. Sunan ne kawai suya. A zahiri ƙaramin obin ne mai ƙarfen zafi a sama da fanka mai hura iskar da ƙarfi. Wannan iska ita ke sa kaza ta yi ƙamas, kuma ita ce matsalar briam: za ta busar da saman har ya ƙone alhali dankalin ƙasa bai nuna ba. Ga kuma wani abu da masu bidiyo ba sa faɗa, tsamin tumatir yana jinkirta nunar dankali. Don haka yanka shi siriri, kaurin rabin santimita, ko ka tafasa shi na minti 5 kafin ka haɗa.

Kada ka zuba kayan kai tsaye a kwandon na'urar, miyar za ta tsiyaye ƙasa. Nemi ƙaramin kwanon tangaran ko na gilashi mai jure zafi wanda zai shiga ciki, ka rufe shi da takardar alminiyam, ka lanƙwasa bakinta da kyau. Idan ta yi sako-sako fankar na iya ɗaga ta ta manne da ƙarfen zafin. Sa digiri 170 na minti 40, sannan ka cire takardar ka ƙara minti 15 zuwa 20 a digiri 180, har gefen albasa ya fara duhu, ruwan ya tsotse, mai ya taso. Sai dai na'ura mai cin lita 4 ba za ta ɗauki fiye da na mutum biyu ba, rabin kayan da aka lissafa ke nan. Na gida guda, ƙaramin obin lantarki ya fi: digiri 190, minti 45 a rufe, minti 30 zuwa 40 a buɗe.

Kafin duk wannan, juya na'urar ka karanta lakabin da ke bayanta ko ƙasanta. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230, ta Amurka kuwa 120 ce. Na'urar gwanjo da aka yi don Amurka, idan ka jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi nan take, kuma ƙaramin kan soket da ake sayarwa don filoginta ya shiga ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan.

Lamba ta biyu ita ce wat. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,800. Ƙaramin janaretan nan da ke ɗaukar fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai iya ba, haka ma inbata mai kVA 1. Siririyar wayar ƙari mai araha ma haɗari ce, tana iya yin zafi ta narke. Jona a soket ɗin bango. Lissafin mita kuwa mai sauƙi ne: na'ura mai wat 1,500 da ta yi awa guda ba ta wuce yunit 1.5, galibi ma ƙasa da haka, domin takan yanke wuta da kanta idan zafin ya kai. Ga 'yan rukunin A, da ke biyan sama da naira 200 a kan yunit, wajen naira 300 ke nan. Man zaitun ɗin da ka zuba ya fi wutar tsada nesa ba kusa ba.

Wayarka ma tana da aiki. Masu girkin Amurka a YouTube da ma'aunin Farenhait suke magana, don haka idan ka ji 400, to wajen digiri 200 ne a na Salsiyos, 350 kuma wajen 180. Rubuta lambar a Google zai juya maka. Sannan saita ƙararrawa biyu, ɗaya ta cire takarda, ɗaya ta saukewa. Su kuwa na'urorin da ke haɗuwa da Wi-Fi a sarrafa su ta manhaja, a ganina ba su cancanci ƙarin kuɗinsu ba a irin wannan girki, tunda dole ka tashi ka buɗe da hannunka.

Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da gashi, juye komai a tukunya mai murfi ka ƙarasa a kan gas da ƙaramar wuta, ba tare da yawan juyawa ba. Saman ba zai gasu ba, amma zai ciwu. Bayan saukewa a bar shi ya huce na minti 20 zuwa 30. Girkawa da ɗumi-ɗumi suke cin sa, da burodi da cukun feta mai gishiri. Abin da ya rage kuma a sa shi a firji kafin awa biyu.