AGOLA A GABAN SHARI'A: UBAN HAIHUWA KO UBAN RIƘO?

Daga Tawa har Damagaram, da wuya a samu unguwar da ba ta da gidan da agola ke tashi a cikinsa. Uba ya tafi bida Abijan, Libiya ko Legas. Shekaru sun shuɗe, ba aike, ba wasiƙa. Uwa ta samu saki gun alƙali ta sake aure. Sabon miji shi ke ciyarwa, shi ke tufatarwa, shi ke biyan kuɗin lakwal da na magani. Tambayar da ke damun ƴan kasuwa da ma'aikata da yawa ita ce: ko mutum na iya mayar da wannan yaro ɗansa a takarda, a kawar da uban da ya ɓace?

Abin da Faransa ta tsara

Tun dokar 11 ga Yuli 1966, Faransa ta raba ɗaukar ɗa gida biyu. Akwai ɗauka mai sauƙi: yaro ya ƙara sunan mai riƙonsa bisa nasa, ya gāji ɓangarorin biyu, danginsa na asali kuma suna nan. Akwai cikakkiyar ɗauka: a sake takardar haihuwa, zumuntar uban farko ta yanke, kuma ba a warware ta.

Mijin uwa ba ya samun ta biyun don kawai uba ya yi nisa. Manyan hanyoyinta su ne: ya kasance yaron ba shi da uba a takarda, ko kotu ta karɓe wa uban ikon iyaye ɗungum, saboda laifi a kan yaron ko jefa shi cikin haɗari, ko uban ya rasu bai bar iyayen da ke kula da jikansu ba. Ana son mai ɗaukar ya girmi yaron da shekara 10, yaron da ya wuce shekara 13 kuma sai da yardarsa. Dokar 21 ga Fabrairu 2022 ta buɗe wannan ƙofa har ga masu zaman tare ba aure.

A Nijar fa?

Mun gāji kundin dokokin Faransa a 1960, amma dokar 16 ga Maris 1962 ta bar sha'anin aure, saki, nasaba da gādo a hannun al'adar masu shari'a, dokar 1 ga Yuni 2018 kuwa ta riƙe wannan tsari. Kundin iyali da aka shirya ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini a 1994, yunƙurin 2011 shi ma bai kai gaci ba.

Al'adar mafi yawanmu ta cuɗu da mazhabar Malikiyya, kuma nan magana a fili take. Suratul Ahzabi, aya ta 4 da ta 5, ta hana jingina yaro ga wanda ba shi ya haife shi ba. Saboda haka Zaidu, wanda a dā ake danganta shi ga Manzon Allah (SAW), ya koma Zaidu ɗan Harisa. Uba na iya rasa riƙon ɗansa, ana iya tilasta masa ciyarwa, amma nasaba ba ta faɗuwa. Agola zai gāji ubansa da uwarsa, ba zai gāji mijin uwarsa ba.

Inda haɗarin yake

Wasu kan bi gajeriyar hanya. Lokacin sa yaro lakwal, sai a tafi kotu da shaidu biyu a fiddo masa takardar haihuwa da sunan mijin uwa. Ma'aikaci ya samu kuɗin ɗiya, yaro ya huta da gori. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan shaidar zur ce, doka na hukunta ta. Ranar rabon gādo kuma, ƴan uwan mamaci sun san wanda aka raɗa wa suna a gidan da wanda ya zo a goye. Yaron na iya tashi a tutar babu: nan an ƙi shi, can wajen ubansa takarda ta nuna shi bare ne. In mace ce, ranar ɗaurin aure dangin uba za a fara nema domin walicci.

Mafita

Wanda ke son agolansa da gaske yana da hanyoyi na halal. Ya nemi hukuncin kotu da ke tabbatar da riƙon a hannunsa da na uwar, irin kafalar da Maroko da Aljeriya ke aiki da ita, wadda yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989 ta ambata. Ya yi masa kyauta tun yana da rai, fili ko jari, a damƙa masa a gaban shaidu, a rubuta. Ya bar masa wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Attajirin da ya bar dukiyar jaka 900 na iya ware wa agolansa har jaka 300, ba magajin da zai hana.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Riƙo lada ne, amma a bar wa yaro sunan ubansa, a kuma rubuta masa rabonsa tun mai gida na da ƙarfin sa hannu.